Tafin Hannun Inna a Kan Bonet

Yayanmu ya yi ritaya daga ofishin ƙaramar hukuma da sauran ƙarfinsa, kuma daga nan matsalar ta faro. Da a gajiye ya fito, da ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gidansa kamar sauran tsofaffin ma'aikatan Daura, a yi ta gyara ƙasa da baki har a kira la'asar. To bai gaji ba. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tura takarda daga wannan tebur zuwa wancan, a ina zai gamu da gajiya? Sai ya dawo gida da hannu biyu masu neman abin yi, da babbar waya, da tsohuwar motarsa.

Motar baƙa ce, 'yar Beljiyam, ta Kongolam aka shigo da ita tun ina sabuwar malamar firamare. Da suna ta Yaya ce, amma unguwa ke morarta. Ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke ɗauko ragon layya, ita ke jigilar kwalla da kumbo idan za a yi jere. Da kaka kuwa but ɗinta ba ya rufuwa saboda buhunan gero, sai an ɗaure da igiya. Jikinta duk ya nuna: ga inda ƙahon rago ya karta, ga inda ƙafar gado ta lotsa, ga inda awakin maƙwabta ke hawa su sha hantsi. Ba wanda ya taɓa cewa motar ba ta da kyau, don ba wanda ya taɓa tsayawa kallonta. Shiga kawai ake yi.

Amma babban aikinta shi ne Inna. Mahaifiyarmu tana garin Babban Mutum, ta ƙi dawowa Daura duk roƙon da muka yi, wai ba za ta bar ɗakinta da tumakinta ba. Tana fama da hawan jini da ciwon gwiwa, don haka duk wata Yaya kan je ya ɗauko ta ta ga likita, ta kwana a wurina, washegari ya mai da ita. Ni kuma dole in bi su, saboda Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa irin mutanen da ce masu kunyar ɗan fari ta gaske. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. Tana zaune a gaba, kafaɗarta ta kusa taɓa tasa, sai ta waiwayo baya ta ce da ni, "Ki ce masa ya rage gudu." In ce, "Yaya, wai ka rage gudu." Shi kuma ya ce, "Ki ce mata to." Haka muke yi har Daura, ni da girmana na zama 'yar aike tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna.

Duk da haka na san matsayin tafiyar nan a wurinta. Tun saura kwanaki take wanke mayafinta mai kyau, ta soya ƙuli-ƙuli irin wanda yake so, mai yaji, ta miƙo min ta ce in kai wa yara, alhali ta san yaran ba sa iya cin yaji. Idan motar ta tsaya a ƙofar gida ba ta saurin fitowa, sai ta tabbatar matan layin sun leƙo. Wannan 'yar tafiya ita ce duk rabon da al'ada ta bar mata a ɗanta, kuma ba ta taɓa neman ƙari ba.

Waya ce ta ɓata lamarin. Wata rana na je gidan na tarar da Yaya ya ƙura mata ido, wani Bature a ciki yana haska jikin mota da tocila yana girgiza kai kamar likitan da ya ga cutar da ba ta jin magani. Yaya ya ɗauko tocilar matarsa, ya ja ni waje, ya haska ƙofar motarsa.

"Kin gani?"

"Na ga ƙofa."

"Duba da kyau. Wannan zane-zanen mai kama da saƙar gizo. Duk wankin jahilci ne ya jawo shi. Shekara da shekaru ana cutar motar nan da garin sabulu da tsohuwar singileti."

Na ce, "Allah sarki, ashe tana shan wahala ba ta faɗa ba."

Bai ji gatsen ba. Yaya idan ya kama abu kunnensa toshewa yake yi, mun gani lokacin da ya kama kiwon talo-talo.

Washegari ya nufi shagon wani ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan mota kusa da tasha, mutumin da ya tsufa a kasuwar Daura, kuma kowa Alhaji ne a bakinsa. Ba shi da injin goge fenti, amma ya ce zai sa a kawo daga Kano. Da injin ya iso, bai iso shi kaɗai ba. Ya zo da soso kala-kala masu faɗin faifai, da robobin mai, wannan na cinye karce, wannan na fito da sheƙi, wannan na rufewa a ƙarshe, da ƙananan tawul masu laushin da ko jariran gidan ba su taɓa samun irinsa ba. Mai shagon ya ce, "Alhaji, idan ka gama da wannan, masu sabuwar mota za su tsaya su gaishe ka." Yaya ya yi ta maimaita mana maganar nan kamar a wajen tafsiri ya jiyo ta.

Ya fara da wanka. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso, wai don kada yashin da aka cire ya koma jikin fenti. Wannan fa a gidan da ruwa sai mai kura ya kawo, gidan da matarsa ke tara ruwan ɗauraya don yayyafin tsakar gida. Daga nan ya ɗauko wani abu mai kama da danƙo ya yi ta murza jikin motar da shi, yana shafawa da bayan hannu yana lumshe ido. Sai ya bi bakin gilashi da roba da fitila duk ya manne da salatif, motar ta koma kamar wadda aka sallamo daga wajen mai ɗori.

Ranar da zai kunna injin, 'yan majalisarsa suka matso da tabarma. Ba wuta, aka tayar da janareta. Baturen ya ce a ɗiga man kaɗan a kan soso, a dangwala a jikin mota, a ɗora injin tukuna sannan a kunna. Yaya ya ga kaɗan rowa ce, ya lafta, sauran bayanin kuma zumuɗi ya hana shi ji. Ya ɗaga injin sama ya danna. Kafin ya gano inda ake kashewa, farin mai ya yi wa kowa feshi, gilashin idonsa, hularsa, gemun limamin layin, har da ƙwaryar furar da aka ajiye a gefe. Liman ya share gemu ya ce, "To, mu dai mun samu namu sheƙin," ya naɗe buzunsa ya tafi. Ni ina daga zaure, na yi dariya har sai da matar Yaya ta toshe min baki.

Wani daga nan zai haƙura. Yaya ya koma waya. Ya koyi cewa ba a yi a rana saboda fenti na ɗaukar zafi, ya koma inuwar darbejiya, tsuntsaye suka nuna masa su ma suna da aiki a wurin, ya sa aka kafa rumfar kwano. Ya koyi fara gwaji a ɗan wuri a kan but kafin ya taɓa sauran jikin. Ya koyi tafiya da injin a hankali, daga hagu zuwa dama sannan daga sama zuwa ƙasa, ba dannawa, ba tsayawa wuri ɗaya, a goge da tawul, a haska da tocila, a sake. Mutumin da in aka miƙa masa jikansa ya riƙe zai ce bayansa na ciwo, shi ne ke wuni a sunkuye. Wata rana matarsa ta ɗauki tawul ɗaya daga cikin nasa ta rufe ƙullin waina, gidan ya wuni kamar ana zaman makoki.

Abin haushin shi ne aikin ya yi. Na so a ce bai yi ba. Na so fentin ya ƙone, ko injin ya kuɓuce ya fasa gilashi, mu yi jaje mu huta. Ina! Ranar da ya cire salatif ya fito da motar, sai da na ja da baya. Baƙin ya yi zurfi kamar ruwan rijiya, na ga fuskata a jikin ƙofa har da zanen ɗankwalina. Karcen ƙaho ya tafi, sawun kofaton awaki ya tafi, lotsawar ƙafar gado ma ya kai wa masu bugun jikin mota sun tashe ta. Masu babur na rage gudu suna waiwaye. Yaya ya tsaya ya goya hannu a baya, yana murmushin da ban gani ba ko ranar da aka yi masa ƙarin girma a ofis.

Daga ranar motar ta daina aiki ta fara sarauta. Aka ɗinka mata rigar tamfol mai laushi ta ciki. Aka hana cin gyaɗa a cikinta. Ya bi ramukan iska da lungun kujeru da buroshin haƙori. Yara idan ƙwallonsu ta gangara wajen rumfar, sai su bar ta har ya shiga masallaci. Wani maƙwabci ya zo a taimaka masa ya ɗauko tunkiya daga kasuwar kara, Yaya ya yi masa dogon bayani a kan abin da kofato ke yi wa fenti, mutumin ya koma gida da ilimi ba tunkiya. Matar mai shayin layin ta fara naƙuda, Yaya da kansa ya ruga titi ya tsayar mata da keke mai ƙafa uku, har yana haki, don a san shi mai taimako ne. Unguwa ta raɗa wa motar suna Hajiya. Da safe sai ka ji, "Malam, ya Hajiya, ta tashi lafiya?" Shi kuma ya amsa da gaskensa, "Lafiya lau, jiya na sa mata man ƙarshe."

Ni duk wannan bai dame ni ba, unguwa ta daɗe tana cin banza. Inna nake tunani. Damina ta sauka, ranar ganin likita ta matso, sai Yaya ya kira ni ya ce in gaya mata a ɗaga zuwa wani makon, an yi ruwa, kuma man rufewar bai gama kama jiki ba.

Na ce, "Yaya, shi kuma jinin nata in ce masa ya jira man ya kama?"

"Ke dai ba ki da aiki sai baƙar magana. Ai tana da sauran magani."

Na kira Inna ta wayar maƙwabciyarta. Ta ce, "Ba komai, ai yana da uzuri." Daga baya maƙwabciyar ta gaya min an riga an soya ƙuli-ƙulin, mayafin ma yana rataye a kan igiya.

Da mako ya zagayo muka kama hanya. Duk kududdufi sai mun zagaye shi, duk babbar mota in ta taho sai mun koma gefe mun jira ta wuce da tsakuwarta. Bayan Zango har wani mai keke ya wuce mu ya ɗaga mana hannu. Da muka isa Babban Mutum, layin gidanmu ya jiƙe, taɓo da kashin shanu kamar kowace damina tun muna yara. Yaya ya tsaya a bakin kwalta ya kashe mota.

"Je ki taho da ita."

"Har nan? Da wace gwiwar?"

"Ba nisa. Ki riƙe ta a hankali."

Na fita na bugo ƙofar da ƙarfi da gangan, na ji ya yi salati kamar shi na buga.

Inna na zaune a bakin gado da mayafinta, ta gama shafa man zafi a gwiwa, kwanon ƙuli-ƙuli na ɗaure cikin ɗankwali. Na ce motar na bakin titi. Ba ta tambayi dalili ba. Ta dafa kafaɗata muka fito, muna tafe muna hutawa, matan layin na leƙowa suna ganin tsohuwa a ƙafa cikin taɓo. Ɗaya ta ce, "Inna, yau ba a zo ba ne?" Inna ta ce, "An zo, ni na ce a tsaya a can, likita ya ce in riƙa taka ƙafa." Ban taɓa jin Inna ta yi ƙarya ba sai ranar, kuma dominsa ta yi.

Da muka fito titi ta hango motar, sai ta tsaya. Rana ta ɗan leƙo bayan hadari, motar na walƙiya a gefen kwalta, yaran gari sun kewaye ta daga nesa, Yaya na tsaye yana gadi. Inna ta ce da ni, "Sabuwa ya saya?" Na ce, "Ita ce dai, gyara ta ya yi da hannunsa." Ta ce, "Da hannunsa?" Na ga fuskarta ta cika da abin da ba ta da damar faɗa. Ba za ta iya ce masa sannu da ƙoƙari ba, ba za ta iya dafa kansa ba, rabonta da taɓa shi tun yaye. Sai ta saki kafaɗata, ta taka da kanta, ta ɗora tafin hannunta a kan bonet ta shiga addu'a. Allah ya tsare motar nan. Allah ya tsare mai tuƙa ta, ya kare shi daga sharrin ƙarfe da sharrin baki, ya sa ya gama da duniya lafiya, ya ba shi masu yi masa kamar yadda yake yi. Ta tofa a hankali. Duk wanda ke wurin ya san ba da mota take ba.

Ta ɗaga hannu. Ga shatin yatsunta na man zafi da man ƙuli ɓaro-ɓaro a kan baƙin fenti, da 'yan ɗigon tofi a gefe.

Ban gama shafa addu'ar ba na ga hannun Yaya ya shiga aljihu. Tawul ɗin nan ne mai laushi, ashe ko'ina da shi yake yawo. Ba zan ce da mugunta ya yi ba, hannun ne ya saba har ya riga tunani isa. Ya hura wa wurin iskar baki, ya goge, ya karkata kai ya duba ta gefen haske, ya sake gogewa.

Inna na kallo. Ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Ashe na ɓata masa." Ta kama bakin mayafinta mai kyau ta miƙa hannu za ta share ɗan abin da ya rage.

"Inna, a'a! Mayafin zai karce ta!"

Kai tsaye ya faɗa mata, ba ta bakina ba, da ƙarfi, a gaban yaran gari. Duk shekarun da na yi ina kai saƙo tsakaninsu, na sha fatan in ga ranar da za su yi magana ba tare da ni ba. Ranar ta zo, kuma abin da aka faɗa ke nan.

Ta janye hannunta ta ɓoye cikin mayafi. Ya buɗe mata gaba, ta wuce ta tsaya a ƙofar baya har na buɗe mata. Ta cire takalmanta masu taɓo ta sa a leda ta ɗora a cinya, ta zauna a bakin kujera ba ta jingina ba. Har Daura ba ta ba ni saƙo ko ɗaya ba. Kwanon ƙuli-ƙulin ni na riƙe shi, kuma a gidana ya ƙare, ni da ba na son yaji.

Da muka dawo daga asibiti na bi shi har rumfa na gaya masa maganganun da ban taɓa gaya masa ba, don yayana ne kuma ina ganin girmansa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ya ce ni ce mai zuzuta abu, Inna ba ta ɗauke shi da zafi ba, tsofaffi ba sa riƙo. Yana magana yana cire taɓo daga taya da ɗan tsinke.

Washegari tun kafin ya yaye wa motar riga, Inna ta sa mayafi ta ce in raka ta tasha. Na roƙe ta, ta ce, "Ki ce masa ya huta, hanyar tamu ba kyau." Aka cusa ta a motar haya tsakanin buhun taki da wata mata mai kaji, gwiwoyinta a takure. Da wata ya zagayo ma ba ta jira kowa ba, sai ganinta na yi a ƙofar gidana mai babur na sauke ta.

A nan ne abin ya shiga kunnen Yaya, don 'yan majalisa ba su raga masa ba. Wani ya ce ya ga Inna a tasha tana neman mai kama ta ta sauko daga mota. Liman kuwa sai ya tambaye shi lafiyar Hajiya, sannan ya ƙara da cewa, "Ta rumfa nake nufi."

To Yaya dai Yaya ne, ko tuba zai yi sai ya yi shi da tsari. Ya cire rigar tamfol ya ninke. Ya mai da motar gindin darbejiya tsuntsaye suka yi yadda suka ga dama. Ya aika aka kira maƙwabcin nan ya ce in har yanzu akwai tunkiyar ɗauka, ga mota. Na gan shi da idona yana kallon akuya ta ɗora ƙafa a kan bonet, jijiyar wuyansa ta miƙe, leɓensa na motsi, amma bai kore ta ba. Ranar da za mu je ɗauko Inna, duk kududdufin da ya gani a hanya sai ya faɗa ciki da gangan. Ya kutsa layinmu taɓo na fallatsa har gilashi, ya tsaya daidai ƙofar gida, ya danna hon don matan layin su leƙo.

Inna ta fito da mayafinta da ledar magani. Ta tsaya ta dubi motar tun daga gaba har baya, taɓon, kashin tsuntsun, gashin tunkiyar da ke kan kujera. Yaya ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba ya riƙe, kansa a ƙasa, dattijo da furfurarsa.

Ta juyo wurina. "Ki ce masa ya wanke ta, kada wahalarsa ta tafi a banza."

Na ce, "Inna, don Allah ki shiga."

"Na riga na sa an kama min wuri a ta haya. Ba kyau a sa mutane jira."

Ta dafa kafaɗata muka bi layin a ƙafa zuwa titi, motar na biye da mu a hankali. Na shiga ta hayar tare da ita, na ɗora ƙafafunta a kan cinyata don ta samu ta ɗan miƙe. Har Daura ina hango baƙar motar ta gilashin baya, ba kowa a ciki sai shi. Inna ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya, kuma har yau a ta haya take zuwa.